Muzurun Da Ya Shiga Tsakani

Tun ranar da aka fitar da Dogo daga falonsu a rirriƙe, leɓunansa sun yi baƙi, ƙirjinsa yana kuka kamar ana hura usur, Auta ba ta sake zubar da hawaye ba.

Ba daurewa take yi ba. Hawayen ne suka ƙi zuwa.

Takan tashi da safe ta haɗa wa Baba ruwan wanka, ta ba shi magani, ta wuce shagon tabarau inda take aiki. Can za ta yini tana goge gilasai, tana ɗora wa mutane a hanci tana tambaya, "Wannan ya fi fitowa ko na farkon?" Da yamma ta dawo gida. In an yi mata magana ta amsa, in an miƙo mata abinci ta ci. Ji take kamar allurar nan da likita ke yi kafin ya cire haƙori ce aka yi mata a duk jiki.

Dogo mai zanen gidaje ne, kuma saura kaɗan a tsayar da maganar aurensu. Tun farko ta gaya masa sharaɗinta guda: ba za ta bar Baba ba. Yayyenta duk sun watse a garuruwa da iyalansu, Inna ta rasu, shi kuma Baba tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bai sake zama mutumin da ba. Dogo bai ja ba. Cewa ya yi, "Mu uku ke nan." Ta ce, "Mu huɗu." Ya yi dariya, don ya san na huɗun.

Na huɗun shi ne Alƙali, wani jan muzuru mai faɗin fuska da Inna ta tsinto yana jariri a bayan wani kanti. Ita ta raɗa masa sunan, saboda yadda yake hayewa hannun kujera ya zauna yana bin kowa da kallo, kamar yana jiran ka kare kanka. Bayan rasuwarta Baba ya rage magana da mutane, sai da muzurun. Ba ya cin abinci sai Alƙali yana gefe yana cin nasa. Idan ya kwanta, a kan ƙafarsa mai ciwon muzurun yake naɗewa, Baba ya ce ɗuminsa ne kaɗai abin da ƙafar take ji.

Dogo ya sha faɗa mata cewa yana da asma, kuma wasu kyanwoyin suna sa shi atishawa. Shi ya sa kullum a barandar waje suke zama. Ranar nan ruwan sama ne ya koro su ciki. Ya zauna a doguwar kujerar Baba, wadda nan ne makwancin Alƙali da rana. Muzurun ya diro cinyarsa ya goga masa kai a haɓa, Baba har yana murmushi yana cewa, "Ya karɓe ka." Kafin shayin da ta haɗa ya huce, idanun Dogo sun kumbura, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu. Ya lalubo abin shaƙarsa ya shaƙa, ya sake shaƙa, numfashin ya ƙi wucewa. Maƙwabta ne suka ɗauke shi zuwa asibiti.

Ta je dubiya sau ɗaya. Ƙannen mahaifiyarsa suka ce yana barci.

Wata safiya tana jera firam ɗin tabarau a cikin akwatin gilashi, sai ta ga Umman Dogo tsaye a ƙofar shago. Auta ta zagayo da sauri ta durƙusa.

"Umma, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Tashi, 'yata, ba a gida muke ba."

Ta jawo mata kujerar da ake zama a gwada ido. Umma ta zauna ta ɗora jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta rame. Ƙasan idanunta ya yi baƙi.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Tambaya na zo da ita, ki ba ni amsa don Allah. Tun da aka sallame shi yana gidan ƙanwata, saboda ya fi kusa da asibiti. Kin san suna da mage?"

"Ya taɓa faɗa min."

"Fara ce, mai gashi buzu-buzu, ta fi naku gashi nesa ba kusa ba. Jiya da idona na gan ta kwance a gefen filonsa. Bebi ta zo za ta kore ta, ya ce a bar ta. Ko atishawa ɗaya bai yi ba. Ko ɗaya."

Bebi ita ce 'yar ƙanwar Umma, wadda dangi suka daɗe suna yi wa Dogo sha'awarta. Auta ta kalli allon haruffan da ke jikin bango, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ta karanta layin ƙarshe a ranta.

"To ki gaya min," Umma ta ci gaba, "idan mage ce, me ya sa waccan ba ta yi masa komai ba? Me ke cikin gidanku?"

"Ban sani ba, Umma."

"Ban ce kin yi wani abu ba. Masu faɗa suna faɗa, ni ban faɗa ba. Amma jiki ba ya ƙarya. Akwai gidan da jinin mutum ba ya haɗuwa da shi, akwai mutumin da jininka ba ya haɗuwa da nasa, ko da zuciya tana so. Shi kaɗai Allah ya bar min. Na ga yadda aka shigo da shi ranar nan. Likita cewa ya yi da an ƙara jinkiri..."

Hawaye ya zubo mata. Auta ta zaro tsumman goge gilashi mai tsabta ta miƙa mata, don shi ne kusa da hannunta.

"Ki bar min shi," in ji Umma. "Ke yarinya ce mai hankali. Ki bar min shi da ransa."

"To, Umma."

Bakinta ne ya faɗa. Ta raka ta har bakin titi, ta tsayar mata da mota, ta dawo ta ci gaba da jera firam.

A gida ta tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta baje a falo tana fifita da murfin kwali. Labari ya riga ya kai mata.

"Ke yanzu saboda wannan mummunan abin za ki rasa miji?" Ta nuna Alƙali da haɓa. "Samo buhu. Ni zan kai shi bayan gari da kaina, in ce wa Yaya ɓata ya yi."

"Baba zai daina cin abinci."

"Yunwa za ta sa ya ci."

"Lokacin da ya yi kwanaki bai dawo gida ba, kin manta? Ruwa sai da aka ƙara wa Baba."

Gwaggo ta ja tsaki ta gyara zama. "To in kin zaɓi muzuru, ga mai shagonku nan. Tun rasuwar matarsa yake aiko min da gaisuwa. Mutumin kirki, ga rufin asiri, ga huhu lafiyayye. Har kan kifi yake ba ki ki kawo wa wannan ɗan banzan. Wanda ya so ki har ya so magenku, me kuma kike nema?"

"Ba na neman komai, Gwaggo."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ki yi kuka mana. Yarinya kamar an dasa icce."

Daga ɗaki suka jiyo muryar Baba a hankali, harshensa yana ɗan harɗewa. "Alƙali, zo ka ci." Muzurun ya miƙe ya yi miƙa, ya bi ta kan ƙafar Gwaggo ya wuce.

Tambayar Umma ce ta ƙi barin ta. Ba zafi take yi mata ba, zama kawai ta yi a kanta kamar tsakuwa a takalmi. Ranar hutunta ta sa Alƙali a kwandon wanki mai murfi, ta ce wa Baba rigakafi za a yi masa, ta kai shi asibitin dabbobi da ke bayan tasha.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin maganin wanke ƙasa. Teburin ƙarfe a tsakiya, keji a jere jikin bango, wani kare yana haushi daga ciki. Likitar mace ce gajera, bayan hannayenta duk tabon yaƙushi. Ta ciro Alƙali ta wuya, ta buɗe bakinsa, ta shafa cikinsa, ta ɗaga jelarsa ta duba.

"Tsoho ne, amma da ƙarfinsa. Me ke damunsa?"

"Shi ba abin da ke damunsa," in ji Auta. Sai ta kwashe labarin duka ta faɗa, da murya ɗaya, kamar tana karanta takardar magani.

Likita ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya, "Waccan farar, mace ce?"

"Mace ce."

"A ciki take kwana ko a waje?"

"Ya ce a tsakar gida take yini."

"Falonsu kafet ne ko tayil?"

"Tayil, ina ji."

"Naku fa?"

"Kafet. Tun Inna tana da rai."

Likita ta gyaɗa kai. Ta sa yatsa ta shafo gashin bayan muzurun ta nuna mata. "Kowa gashi yake zargi. Ba gashin ba ne. Wani sinadari ne da ke cikin miyaun kyanwa da maiƙon fatarta. Kin ga yadda suke yini suna lasar jiki? Miyaun ya bushe a kan gashi, ya zama wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ta tashi a iska, ta sauka a kujera da labule da kafet. Ni da ke mu shaƙa ba abin da zai same mu. Wani kuma jikinsa ya ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, da ta shiga sai ya tayar da yaƙi. Idan yana da asma, a ƙirji ake yin yaƙin."

"To ai ita ma farar tana da miyau."

"Tana da shi. Babu kyanwar da ba ta da wannan abu, duk wanda ya ce miki akwai, sayar miki zai yi. Amma ba daidai suke fitarwa ba. Wata kaɗan, wata ta ninka ta sau da yawa. Galibi muzuru irin wannan, wanda ba a yi wa fiɗiya ba, shi ya fi kowa. Mace takan fi shi sauƙi. Ko a cikin matan ma wata ta fi wata, kamar yadda wani mutum ya fi wani gumi. Ki haɗa da gida. Can tayil ne ana gogewa kullum, magen tana waje iska tana kwashewa. Ku kuma kafet ya shekara da shekaru yana sha, ga ƙofa a rufe ana ruwa, ga shi ya zauna a kan makwancin muzurun. Ɗan kaɗan jikinsa zai iya shanyewa bai nuna ba. Naku ne ya fi ƙarfinsa."

Auta ta dubi Alƙali. Ya zauna a kan teburin ƙarfen ya ɗaga ƙafa ɗaya yana lasa.

"Ba ni ba ce ke nan."

Likita ta fara dariya, da ta ga fuskarta sai ta fasa. "Wa ya ce ke ce?"

"Ba kowa."

Ta jira ta ji wani sauƙi ya sauko mata. Ba abin da ya sauko.

"Akwai abin da za a yi?"

"Idan aka yi masa aikin fiɗiya, abin yakan ragu. Ba nan take ba, sai a hankali, makonni, wani lokaci watanni. A cire kafet, a wanke labule, a fitar da kujerar nan. Ko yau kika kyautar da shi, ƙurar za ta daɗe a gidan. Kuma ba zan yi miki alkawari ba. Ragewa na ce, ban ce ƙarewa ba. Mutumin da aka kai asibiti a haka, likitansa ne zai ce ya shiga ko kada ya shiga, ba ni ba." Ta shafa kan muzurun. "Abu ɗaya kuma. Sai an yi masa allurar barci. A shekarunsa yawanci suna farkawa. Ba duka ba."

"Yawanci," in ji Auta.

"Yawanci."

Washegari da aka tashi cin abincin rana ta ga motar Dogo a tsallaken titi. Ta tsallaka ta buɗe ta shiga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi ya fara magana.

"Wayata tana hannun Umma. Yau ma cewa na yi zan leƙa ofis." Ya dube ta. "An ce kin ce mata to."

"Na ce."

"Haka kawai? Auta, shekarun nan duka, haka kawai?"

"Kuka take yi."

"Ni fa? Ni ba na kuka?" Kuma da gaske hawaye ne ke bin kumatunsa, bai damu ya share ba. "Kullum Bebi a kaina da kwano. Kullum ƙannen Umma a bakin gado suna min lissafin halayenta. Ina kwance ina jiran ki turo ƙofa, aka ce min ko sau ɗaya ba ki zo ba."

"Na zo. Kana barci."

"Ban yi barci ba ranar nan ko kaɗan."

Ta kalli gilashin gaba. Akwai wata 'yar tsaga a gefensa da ba ta taɓa lura da ita ba. Ta gaya masa abin da likitar dabbobi ta ce, miyau da ƙura, muzuru da mace, kafet da tayil. Yana ji yana gyaɗa kai da sauri kamar wanda ake karanta wa takardar sakinsa daga kurkuku.

"To shi ke nan ai. A yi masa aikin. Ni ma zan koma wurin likitana, akwai magunguna. A sabon gida ba kafet, Baba da Alƙali ɗakinsu daban da ƙofarsu ta baya. Wata nawa ne? Zan jira."

"Ba ta yi alkawari ba."

"Ni na yi."

"Idan bai farka ba fa? Me zan ce wa Baba?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai atishawa ta ƙwace masa. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Ya murza ido da bayan hannu, ya yi murmushin ƙarfin hali. "Ƙurar titi ce."

Gilasan motar duk a rufe suke. Auta ta sunkuyar da kai ta dubi mayafinta. A kan baƙin yadin, wajen kafaɗa, ga jajayen gashi nan siri-siri a kwance. Da safe Alƙali ya kwanta a kansa kafin ta ɗauka. Ta saurara. Can ƙasan numfashin Dogo ta fara jiyo wannan siririn usur ɗin.

"Ina abin shaƙarka?"

"Ba komai fa."

"Ɗauko."

Ya ɗauko ya shaƙa. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta tsaya a waje har ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ya sauke gilashi yana kiran sunanta. Ta ce masa ya bar gilasan a buɗe har ya isa gida, ta tsallaka titi ta koma shago. Akwai wani dattijo yana jiranta, ƙafar tabaraunsa ta karye.

Ba ta shawarci kowa ba. Ranar da likita ta ba ta don yin aikin, ta hana muzurun abinci tun dare kamar yadda aka ce. Da safe Baba ya ƙi taɓa shayinsa.

"Bai ci ba," ya ce, yana kallon kwanon Alƙali.

"In mun dawo zai ci, Baba."

"Rigakafin kuma?"

"Ƙarashe ne."

Ya bi kwandon da ido har ta fita.

A asibitin ta zauna a kan benci a baranda, hannuwanta a cinya. Wata mata ta zo da akuya, wani ya zo da aku a keji. Aka shiga da su aka fito da su. Ta yi ƙoƙarin yin addu'a, sai ta tarar tana ƙirga tayil ɗin ƙasa. Ta yi ƙoƙarin tuna fuskar Inna ranar da ta shigo da jaririn muzuru a cikin gefen zani, hoton ya zo mata, amma kamar na gidan wasu.

Rana ta ɗaga sosai kafin likita ta leƙo tana cire safar hannu.

"Ya farka. Har ya nemi ya cije ni."

"Na gode."

"Ki ji daɗi mana."

"Na ji."

Ta fito da waya ta kira lambar Dogo. Umma ce ta ɗauka. Auta ta gaishe ta, ta fara bayani a tsanake: ba gida ba ne, ba jini ba ne, miyau ne, kuma an yi wa muzurun aiki yanzun nan, nan da 'yan watanni...

"Na sani," Umma ta katse ta, ba da faɗa ba. "Likitansa ya yi mana wannan bayanin jiya. Na yarda, ba ki da laifi, ki yafe min abin da na zarga. Amma 'yata, ko miyau ne ko mene ne, ni dai gawa na kusa ɗauka. Shekaran jiya ya dawo min da ido a kumbure, daga zama kusa da ke kawai. Kin ce watanni, kin ce wataƙila. Ba zan sa ran ɗana a kan wataƙila ba."

"Haka ne."

"Da safen nan na sa ya rantse min ba zai sake taka cikin gidanku ba. Ya rantse. Kawunnansa kuma za su zauna kan maganar Bebi ƙarshen mako. Gara ki ji daga bakina."

"To, Umma. Allah ya sanya alheri."

"Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

Ta mayar da wayar jaka, ta ɗauki kwandon.

Baba yana zaune a bakin ƙofar falo da sandarsa, inda ba ya iya kai kansa sai an riƙe shi. Ba ta tambayi yadda ya yi ba. Ta ajiye kwandon a gabansa ta buɗe. Alƙali ya fito yana tangaɗi kamar mashayi, ya shinshina yatsun Baba, ya zube a kan ƙafarsa mai ciwo. Baba ya duba inda aka aske, ya ga ɗinkin. Ya daɗe yana dubawa.

"Sannu," ya ce wa muzurun. "Sannu, bawan Allah."

Bai ɗago ya kalle ta ba. Ta kawo masa shayi mai zafi da burodi, ya karɓa ya ajiye a gefe.

Ta tsaya a tsakiyar falon. Ba ta da wani aiki a gabanta, kuma ba ta son zama. Sai ta taimaka wa Baba ya koma ɗaki da muzurunsa, ta dawo ta fara ture kujeru gefe. Ta sauke labule ta tara a kusurwa. Ta samo tsohuwar wuƙa ta soka a gefen kafet, inda ya manne da ƙasa, ta ja. Ya taso da ƙara, wata ƙura mai kauri ta turnuƙe ɗakin, ta zauna mata a gashin ido, a wuya, a hannu har gwiwa. Ta san babu sauran wanda ake cirewa domin shi. Ta ci gaba da naɗewa.

Ta jawo naɗin ke nan zuwa baranda, tana ja da baya, sai ta ji an buɗe ƙofar gida.

Dogo ne. Yana tsaye daidai bakin ƙofar, takalmansa a waje da dokin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen, ɗayan a aljihu inda abin shaƙarsa yake. Tsakaninsu faɗin tsakar gida ne kawai.

"Cewa na yi ba zan shiga ba," in ji shi. "Ban ce ba zan zo ba. Ya farka?"

"Ya farka."

"Alhamdu lillahi. Auta, na gaya wa Kawu ba zan je zaman nan ba. Fito ki ji."

Ta saki kafet ɗin. Ta dubi hannuwanta, sun yi fari fat da ƙura. Ta dubi rigarta. Iska tana kaɗowa daga bayanta, tana bi ta kanta zuwa ƙofa.

Ya saki ƙarfen, ya ɗaga ƙafa.

"Kada ka matso," ta ce. "Tsaya nan. Ina jin ka daga nan."